Karatu daga nesa: Yadda matakala ta koma cikin waya ga ɗalibai masu buƙata ta musamman

Unguwar Limawa na daga cikin tsofaffin unguwannin birnin Minna, a Ƙaramar Hukumar Chanchaga, kuma ba za a ce ta yi nisa da manyan makarantu ba. Cibiyar karatu ta Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, tana yankin Bosso, inda tsohon matsugunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya yake. Sabon matsugunin jami'ar fasahar na Gidan Kwano, kan hanyar Bida. Kwalejin Ilimi ta jiha na cikin garin, haka ma hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO. Ga matashi mai ƙafa da ido, abin da ke tsakaninsa da waɗannan wurare bai wuce kuɗin keke napep ba. Ga wanda shan-inna ta kama tun yana yaro, ko makaho, ko kurma, lissafin daban ne: akwai lungu mai kwata a buɗe, akwai direban da ba zai tsaya ya ɗora keken guragu ba, akwai ɗan jagora da shi ma yake da tasa hidimar, sannan in an isa, akwai bene.

Wannan ne ya sa duk lokacin da aka tada zancen ilimin masu buƙata ta musamman, ake saurin nuna karatu daga nesa a matsayin mafita. Hujjar mai sauƙi ce. Idan ɗalibi ba zai iya zuwa aji ba, to aji ya zo wurinsa ta waya ko kwamfuta. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba ƙarama ba. Sai dai duk wanda ya bi matakan da ɗalibin karatu daga nesa ke bi, daga cike takardar neman gurbi zuwa ranar jarrabawa, zai ga cewa shingen bai gushe ba. Wuri ya sauya. Ya bar ƙofar aji ya koma cikin shafin rajista, da littafin darasi, da bidiyon lacca, da zauren jarrabawa.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a Najeriya. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, an kafa ta tun 1976, kuma ta horar da ɗimbin malaman firamare ba tare da sun bar azuzuwansu ba. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ce ta kafa jami'ar karatu daga gida a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita. Yau tana da cibiyoyin karatu fiye da 100 a faɗin ƙasar, har da na cikin gidajen gyaran hali. Wasu jami'o'in ma sun buɗe sassan karatu daga nesa da amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Fasaha ta Minna. Annobar korona, wadda ta rufe makarantun ƙasar a Maris na 2020, ta ƙara wa tsarin karɓuwa. A Jihar Neja kuma akwai ƙarin dalili: sace ɗalibai a Kagara a Fabrairun 2021 da na Islamiyyar Tegina a Mayun shekarar sun sa iyaye da yawa na ɗari-ɗari da tura 'ya'ya nesa da gida, balle wanda ba zai iya gudu ba idan ta ɓaci.

A ɓangaren doka, ba a bar ɗalibi mai naƙasa a baya ba, aƙalla a rubuce. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Naƙasa ta 2018, wadda ta haifar da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa a 2020. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga mutumin da ya nuna wariya, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukuma. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024.

Abin da aka fi tunawa da shi daga dokar shi ne wancan batun gini, domin shi ido ke gani. Shugaban makaranta na iya nuna wa baƙo gangaren siminti da aka zuba a bakin ƙofa, a ɗauki hoto. Amma akwai wani sashe da ya fi shafar karatu daga nesa, wanda ba a cika ambatonsa ba. Sashe na 18 ya wajabta wa duk makarantun gwamnati, daga firamare har manyan makarantu, su gudanar da harkokinsu ta yadda mai naƙasa zai iya shiga a dama da shi, kuma su tanadi ma'aikacin da aka horar don kula da karatun irin waɗannan ɗalibai. Sashe na 17 kuma ya ɗora wa hukumar ta ƙasa alhakin samar da kayan taimakon karatu. Dokar ba ta ware jami'ar da ke koyarwa ta intanet daga wannan nauyi ba. Idan ajinta shafin intanet ne, to shafin ne ya wajaba ya zama mai shiguwa.

A ɗauki misalin makaho da ya gama sakandare, yana zaune a Limawa, ya ƙuduri aniyar yin digiri daga gida. Makamin irin wannan ɗalibi a yau shi ne manhajar da ke karanta masa da murya abin da ke rubuce a fuskar waya ko kwamfuta. Wayoyin Android na zuwa da TalkBack, na iPhone da VoiceOver. A kwamfuta akwai JAWS, wadda ake saya da tsada, akwai kuma NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka fara ƙirƙira a 2006 suka bar ta kyauta. Da waɗannan, makaho na iya karanta littafi, ya rubuta amsa, ya aika saƙo, ba tare da ya roƙi kowa ba. Wannan ci gaba ne da magabatansa da suka yi karatu a makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, ba su yi mafarkinsa ba.

To amma manhajar rubutu take karantawa, ba hoto ba. Littafin darasi da aka tsara a kwamfuta aka mayar da shi PDF yadda ya kamata, da kanun babi da jerin shafuka, za ta bi shi tiryan-tiryan. Wanda kuwa aka ɗauki hoton shafukansa da na'ura aka ɗora, ga mai ido littafi ne, ga makaho farar takarda ce. Haka zanen da ba a rubuta bayaninsa ba, da jadawalin da aka liƙa a matsayin hoto, da lissafin da alamominsa ba su cikin tsarin da manhaja za ta furta. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ko lissafin kuɗi ya fi na tarihi jin jiki a nan, wanda hakan na daga cikin dalilan da ke tura makafi zuwa fannoni ƙalilan ko da hazaƙarsu na wani wuri. Tun kafin a kai ga littafi ma, akwai shafin rajista mai neman a kwafi karkatattun haruffa daga cikin hoto don tabbatar da cewa mutum ne ba na'ura ba. Daga nan ɗalibin zai miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga mai shagon intanet, kuma 'yancin da aka yi masa alkawari ya tafi tun ranar farko.

Abin lura shi ne gyaran wannan ba ya buƙatar siminti ko ɗan kwangila. Ƙa'idojin tsara shafin intanet da kowa zai iya amfani da shi suna nan a rubuce, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da su tun 1999, kuma kyauta ne. Marubucin darasi da aka koya wa sa kanu da bayanin hoto a lokacin da yake rubutu, ƙarin aikinsa bai taka kara ya karya ba. Tsadar na zuwa ne idan an gama littafi mai shafi 300 sannan aka dawo ana neman gyara shi saboda ɗalibi ɗaya ya yi ƙorafi, alhali zangon karatu ya yi nisa. Ba kuma za a fake da haƙƙin mallaka ba. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda aka ƙulla a Maroko a 2013 don magance ƙarancin littattafai ga makafi, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, da aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta halatta mayar da littafi zuwa rubutun Braille, ko murya, ko manyan haruffa don amfanin masu larurar gani ba tare da neman izinin mai littafin ba. Ƙofar a buɗe take. Abin da ya rage shi ne ɗakunan karatu na jami'o'i su shiga.

Matsalar kurma ta sha bamban, kuma an fi mantawa da ita, domin ana ɗauka tunda yana gani, rubutu ya ishe shi. A lokacin korona jihohi da dama sun koma koyarwa ta rediyo, wanda ga kurma daidai yake da rufe makaranta. A matakin jami'a, darasin kai-tsaye ta bidiyo da laccar da aka naɗa sun zama ginshiƙin koyarwa, kuma idan babu rubutun abin da malami ke faɗa a ƙasan hoto, ko mai fassara da hannu a gefe, ɗalibin kallon leɓe kawai yake yi. Rubutun da na'ura ke fitarwa da kanta na taimakawa, amma yakan yi tuntuɓe da lafazin Ingilishin Najeriya da kalmomin fanni, sai an sa mutum ya bi ya gyara.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya keɓanta da Arewa. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, baƙar fatar Amurka kuma kurma, wanda ya kafa makaranta a Ibadan a 1960. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun da daɗewa, wadda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. Yaron da ya tashi da maganar hannu ta gida, ya koyi ta makaranta daga baya, Ingilishin da aka rubuta littafin darasi da shi harshensa na uku ne, kuma harshe ne da bai taɓa jin sautinsa ba. Tallafin da yake buƙata ya wuce a miƙa masa PDF. Yana buƙatar malamin da zai zauna da shi, da mai fassara, a warware masa abin da ya shige masa duhu. Masu fassarar kuwa ba su da yawa. Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, da sassan ilimi na musamman a jami'o'i irin su Jos da Bayero ta Kano, su ne manyan wuraren da ke yaye su. A nan ne fasahar za ta iya yin rana: mai fassara ɗaya da ke zaune a Abuja na iya yi wa ɗaliban Minna da Kontagora da Bida aiki ta bidiyo, idan an ɗauke shi aiki don hakan.

Wanda ya fi cin moriyar tsarin, a zahiri, shi ne mai larurar ƙafa. An sanar da kawar da ƙwayar cutar shan-inna ta daji daga Afirka a Agustan 2020, amma waɗanda ta kama a shekarun baya yanzu ne suke shekarun shiga jami'a da neman aiki, kuma Arewa ce ta fi yawansu. Karatu daga gida ya rage musu zirga-zirgar yau da kullum. Bai kawar da ita ba. A tsarin NOUN, ayyukan gwaji da ake yi ta intanet na ɗauke da kashi 30 cikin 100 na maki, jarrabawar ƙarshen zango kuma kashi 70, kuma ita wannan sai an je cibiya an zauna, ko a gaban kwamfuta ko da biro da takarda. Ke nan makomar zangon gaba ɗaya na rataye ne a kan 'yan kwanakin da dole ɗalibi ya fita. Idan zauren na saman bene, ko bayan gida ba ya shiguwa da keke, ko mai sa ido bai san cewa ɗalibi na da haƙƙin ƙarin lokaci ba, wahalar wata huɗu ta tashi a banza. Hatta tantancewa da zanen yatsa, wadda ta zama ruwan dare a jarrabawa, shinge ce ga wanda ya rasa yatsu, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a garin da ke da tsohuwar cibiyar kula da masu cutar kuturta a Chanchaga.

Ba sai an ƙetara teku ba kafin a ga yadda ake yi. A 2017 hukumar JAMB, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamitin daidaita dama da Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta, wanda ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na musamman, ta rubutun Braille ko ta karanta musu tambayoyi, tare da ɗaukar nauyin masauki da abinci. NECO ma, idan tana sanar da sakamakon kammala sakandare, takan faɗi adadin masu buƙata ta musamman da suka zauna, rukuni-rukuni: masu larurar ji, masu larurar gani, zabiya da sauransu. Ma'ana, a bakin ƙofar jami'a an san da su, an ƙirga su, an yi musu tanadi. Tambayar ita ce abin da ke biyo baya. Jarrabawar shiga yini ɗaya ce; digiri kuwa shekara huɗu ne ko fiye, da zango takwas, kowanne da littattafansa da jarrabawarsa.

A waje, jami'o'in da suka yi suna a karatu daga nesa sun ɗauki lamarin a matsayin aikin ofis na dindindin. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, takan tambayi ɗalibi buƙatarsa tun lokacin rajista, ta shirya masa littattafai a sigar da za ta yi masa amfani, kuma gwamnatin ƙasar na ba ɗalibai masu naƙasa tallafin kayan aiki da na mataimaki wanda ba bashi ba ne. Jami'ar Afirka ta Kudu, UNISA, tana da cibiya ta musamman da ke mayar da darussa zuwa Braille da murya da manyan haruffa. Ba a ce komai ya daidaita a can ba, amma ɗalibi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A Najeriya, asusun ba ɗalibai lamuni na NELFUND, wanda aka sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, ya shafi kuɗin makaranta da alawus na wata-wata. Kwamfuta mai manhajar karatu, ko na'urar taimaka wa ji, ko ladan mai fassara ba sa cikin lissafin, alhali su ne kuɗin makarantar gaske ga wannan rukuni.

Sai batun wuta da data, wanda ya shafi kowa amma bai shafi kowa daidai ba. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, kuma tana iyaka da ta Jebba, amma mazauna Minna sun san yadda ake kwana a wuni babu lantarki. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashi. Mai ido idan cajinsa ya ƙare zai jawo littafin da ya buga a takarda ya ci gaba. Makaho idan wayarsa ta mutu, littafinsa ne ya rufe. Kurma kuma bidiyo yake buƙata, wanda ya fi murya cin data ninki-ninki. Shi ya sa cibiyar karatu mai sola, da kwamfuta biyu ko uku masu manhajar makafi, a ɗakin ƙasa, ta fi wata doguwar takardar manufa amfani ga ɗalibin Limawa.

Akwai waɗanda larurarsu ba ta bayyana a ido. Zabiya na fama da raunin gani, yana buƙatar manyan haruffa da allon da zai iya sauya haskensa. Mai cutar sikila na iya kwanciya mako biyu a daidai lokacin da wa'adin aikin gwaji ke cika. Mai matsalar gane haruffa yakan sha laƙabin daƙiƙi tun firamare. A aji na ido da ido, malami mai lura na iya gane cewa wani abu na damun ɗalibi. A karatu daga nesa babu wannan ido. Ɗalibin da ya gaza ba ya yin hayaniya, daina shiga shafin kawai yake yi, kuma a cikin alƙaluma zai fito a matsayin wanda bai sake rajista ba, ba tare da an san dalili ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, na rayuwa da naƙasa mai tasiri. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Jami'a ba za ta jira ƙidaya ba. Tambaya ɗaya a takardar rajista, da tabbacin cewa amsar za ta jawo taimako ba wariya ba, ta isa ta ba ta nata adadin.

Masu kula da kasafin jami'o'i na iya cewa ɗaliban ba su da yawa, kuɗi kuma ba ya isa ko ga abin da ya shafi kowa. Ƙorafin kuɗin gaskiya ne. Amma ƙarancin ɗaliban sakamakon shingen ne, ba hujjar barinsa ba, kuma yawancin gyare-gyaren na amfanar kowa. Rubutun ƙasan bidiyo na taimakon ɗan kasuwar da ke bitar darasi cikin hayaniyar kasuwar Kure. Littafin da waya za ta iya karantawa da murya na taimakon matar aure da ke sauraro tana aikin gida. Akwai kuma sashe na 29 na dokar 2018, wanda ya nemi hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu naƙasa. Guraben da ke buƙatar digiri ba za su ciku ba sai an sami masu digirin.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke ba da izinin buɗe sashen karatu daga nesa, ita ce kuma ke tura tawagar tantance kwasa-kwasai. Tana da damar sa shiguwar shafi da littattafai cikin abin da ake ba maki, kamar yadda ake ƙirga malamai da kwamfutoci. Asusun TETFund, wanda ke ɗaukar nauyin gine-gine da horar da malamai a manyan makarantun gwamnati, na iya ware kaso don horar da marubutan darussa da sayen kayan taimako. Hukumar masu buƙata ta musamman, wadda Ayuba Gufwan ke jagoranta tun 2024, ita doka ta ba ikon karɓar ƙorafi da bin diddigi. A matakin Minna kuwa, gwajin bai da wuya: a zaunar da makaho ɗaya da kurma ɗaya daga ƙungiyoyinsu na jiha a gaban shafin rajistar kowace cibiya, a bar su su yi rajista, su buɗe darasin makon farko, su amsa aikin gwaji ba tare da an taɓa musu waya ba, a rubuta duk inda suka tsaya.